Jar fitilar da ke kan teburina

Shekara uku ke nan ina riƙe da teburin karɓar baƙi a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa. Bokitai, butoci da kujerun roba muke yi, masu sayenmu kuwa akasari diloli ne na Sabon Gari da Singa, sai 'yan Maraɗi da Damagaram.

Da aka kawo mana sabbin wayoyin tebur masu aiki ta intanet, injiniyan ya nuna mini wata 'yar jar fitila a saman wayar. In tana ƙyaftawa, wani ya bar saƙon murya ke nan. Sai in danna *97, in sa lambar sirri, in saurara. Na ji daɗi ƙwarai, domin ranar Juma'a da azahar ofis wayam yake.

Wata guda cur fitilar nan ba ta ƙyafta ba.

Sai da na buɗe rajistar kira a kwamfuta na gano bakin zaren. Shafin yana nuna lambar da ta kira, ƙarfe nawa, layin wa aka tura ta, da daɗewar maganar. Ashe ana ta kira! Da sun ji naɗaɗɗiyar muryar Baturiya da ke tarbar masu barin saƙo tana zuba Turanci, sai su katse cikin daƙiƙa biyar ko shida. Abin ya tsaya mini a rai, don mutanen nan su ne masu turo mana saƙon murya mai tsawo a WhatsApp. Can sun san wa zai ji. Nan kuwa ko sallama ba a yi musu ba, ta yaya dattijo zai fara zancen kuɗinsa?

Na nemi izinin manaja na naɗi tawa gaisuwar: sallama, sunan kamfani, haƙuri mun fita sallah, a faɗi suna da buƙata bayan an ji ƙara. Juma'ar da ta biyo, fitila ta kama. Wani Alhaji ne daga Singa. Ya amsa sallamar har ƙarshe, ya ce, "'Yata, ya aiki? Ya mutanen gida?" Ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya ce a ajiye masa buta dozin 40. Sau biyu na saurara.

Har yanzu masu katsewa sun fi masu barin saƙo yawa, shi ya sa na fi dogara da rajistar. Wani daga cikin manyanmu ya so a riƙa duba ta don kama ma'aikacin da ya daɗe a waya. Ni ban ga amfanin haka ba, ciniki da Bakano ba ya yiwuwa sai da doguwar gaisuwa. Abin da nake yi kullum da safe, kafin in taɓa shayi, shi ne in bi lambobin da ba a ɗaga ba jiya ɗaya bayan ɗaya.

Alhajin nan, da na kira shi bayan la'asar, cewa ya yi, "Au, ashe kin ji ni?" Ya ƙara dozin 10.