Ashe ba kunnena ne ya lalace ba, gem ɗin gidanmu ne mai tafiyar hawainiya

Jama'a daren jiya wajen ƙarfe ɗaya da rabi na gano abin da ya yi sati uku yana cin raina, sai da na miƙe tsaye na ce kai! da ƙarfi har madam ta farka a firgice tana tambayar lafiya. Na ce mata kiɗan Mario ne ya daidaita, ta ja tsaki ta juya ta ci gaba da barcinta. To ku masu son kiɗan gem ne za ku gane, shi ya sa ku zan ba labarin.

Tun bayan ƙaramar sallah nake sake gina kiɗan filin farko na Super Mario Bros wanda Koji Kondo ya yi a 1985, a FamiTracker, manhajar rubuta kiɗa irin na tsohon injin gem na Nintendo, don duk cikin kiɗan gem babu wanda ya zauna min a ƙwaƙwalwa kamarsa. Na tsara wa kaina wai sati ɗaya layukan fols biyu (muryoyin injin guda biyu masu ɗauke da karin kiɗan), sati ɗaya bes, sati ɗaya ganga, daga nan in wuce kiɗan gem ɗin Contra. Hmm. Ban san ma inda satin bes ya ƙare na ganga ya fara ba, komai ya cakuɗe, Contra kuwa ko fayil ban buɗe mata ba har yau.

Wahalar farko da na zata ita ce babba, wato wurin nan da sauti uku suke raba gurbin da biyu ya kamata su zauna, kwana biyu kawai ta ɗauke ni. Ga wanda ya maƙale a nan, a saitunan saurin kiɗa na FamiTracker ka sauke Speed zuwa 3 ka bar Tempo a 150, sai gajeren sauti ya ci layi uku a jadawalin da ake rubuta sautukan, kowanne cikin 'yan ukun nan ya ci layi huɗu, shi ke nan sun zauna daram ba sai ka yi ta wasa da jinkiri ba. Dalili kuwa a ainihin gem ɗin gajeren sautin firem 9 ne (firem shi ne hoto ɗaya da injin yake zanawa a allo), na 'yan ukun firem 12, duka uku tana raba su.

Na gama komai tsaf, na ɗauki sautin gem ɗin daga emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon injin gem a kwamfuta, na jera shi da nawa a manhajar gyaran sauti ta Audacity ɗaya sama ɗaya ƙasa, wallahi kamar an tsaga kara. Duk inda nasu ya buga nawa ya buga. Amma in na sa iyafis na rufe ido sai in ji abin yana gudu kamar wanda aka biyo, ba haka na san shi ba. Kiɗan da na sani yana da wata natsuwa, yana ɗan rangaji, kana iya binsa da baki ba ka haɗiye wani wuri ba. Wannan kuwa kafin ka ce me ya wuce.

Da farko na ɗauka tsufa ne, ka san abin yarinta kullum ya fi daɗi a zuciya fiye da a kunne. Na canza iyafis, na gwada a sifikar mota, na rage kaifin fols ɗin daga 25 na mayar 50 na sake dawowa, na goge gangar gaba ɗaya na sake rubutawa har sau biyu don ina zargin ita ce ke ingiza kiɗan. Babu abin da ya canza. Abin haushin shi ne ido yana ce min daidai ne, kunne yana ce min ƙarya ne, kuma ban san wa zan bi ba.

Sai na tura wa Yayana ta WhatsApp ban faɗa masa komai ba, na ce Yaya saurari wannan. Shi ne mai fad na ɗaya lokacin muna yara, ni kullum Luigi nake samu, sai ya mutu nake taɓawa. Ba a yi minti biyar ba ya turo murya yana dariya, wai kai ƙanena ai wannan na lokacin da taim ya kusa ƙarewa ne ka ɗauko, ina na asalin? Na ce Yaya wallahi wannan ne na asalin. Ya ce in je in sake dubawa dai.

Nan jikina ya ba ni ba ni kaɗai ba ne. Mutum biyu ba za su yi mafarki iri ɗaya ba.

Na nemo bugun Turai na gem ɗin na gwada, a tunanina tunda talabijin ɗinmu PAL ne, wato tsarin talabijin irin na Turai, to shi muka buga. Ya ƙara rikita ni, don shi an riga an gyara masa saurin kiɗan ya dace da injinan can, bai yi sanyin da nake nema ba. Sai na tilasta wa emuleta ta kunna bugun Amurka a yanayin PAL, to a nan saurin ya faɗo daidai inda zuciyata take so har tsigar jikina ta tashi, amma muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri kamar mai mura, shi ma ba shi ba ne. Kwana huɗu na yi a wannan tsakanin, sauri daidai murya ba daidai ba, murya daidai sauri ba daidai ba.

Ƙarshe dai na ce bari in nemo irin injin gem ɗin gidanmu kansa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan layinmu ya zaƙulo min ɗaya daga ƙarƙashin tarkace, irin namu sak, farar roba da ta koma ruwan ƙasa, da kaset rawaya mai cewa wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara alhali guda biyar ne ake ta maimaitawa. Na ce Baba nawa, ya ce dubu goma sha biyu, da ƙyar muka tsaya a tara da ɗari biyar. Na ƙara dubu uku na sayi adafta, ranar farko aka ɗauke wuta na tayar da janareta, ko minti goma ba a yi ba na ji ƙauri, adafta ta tafi. Wata dubu ukun kuma. Dubu goma sha biyar da ɗari biyar saboda in ji kiɗan minti ɗaya da 'yan kai, har yanzu in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni, kuma madam dubu biyar ta sani.

Amma da ya kunnu, Allahu Akbar. Sautukan farkon nan suna fitowa daga tsohuwar talabijin na ji kamar ina zaune a tabarmar falon gidanmu ana ce mana mu kashe a ga labarai. Shi ne. Na ɗauka da waya na jera da nawa, abin da nawa yake cinyewa a sakan 60 shi sai ya kai 72.

Da na ga 60 da 72 sai lissafin ya fito da kansa, biyar bisa shida. Kiɗan gem ɗin firem yake ƙirgawa, injin Nintendo na Japan da Amurka yana zana hoto sau 60 a sakan, irin namu na kwaikwayo da aka yi don talabijin PAL sau 50 yake yi, amma wasan da ke cikin kaset ɗin na masu 60 ne aka kwafo ba a taɓa komai ba. Don haka bugu 200 a minti ya dawo wajen 167. Muryar kuma ba ta faɗi ba saboda ƙwaƙwalwar waɗannan injinan tana gudu a kusan megahaz 1.77, dab da 1.79 na asali, shi kuwa NES ɗin Turai na gaske, wato injin Nintendo na can, 1.66 yake yi, shi ya sa da na tilasta PAL muryar ta yi mura. Ashe ma emuletocin Mesen da FCEUX duk suna da zaɓi na uku a wajen yanki mai suna Dendy, sunan irin wannan injin da aka yi yayi a Rasha, na sha ganinsa ban taɓa dannawa ba. Da na danna tun farko da kuɗina suna aljihuna.

A FamiTracker ma sai da na sake yin tuntuɓe. Na sauke Tempo daga 150 zuwa 125 kawai na ce an gama, sai ganga ta fara ɗingishi, don injin manhajar yana nan a 60, layi ɗaya ya ci firem uku wani ya ci huɗu, wutsiyar sautukan kuma tana yankewa da wuri tunda ita ba Tempo take bi ba. Maganin shi ne ka bar yankin a NTSC, tsarin Amurka da Japan, ka shiga Engine speed ka sa 50 da hannunka, sannan Tempo 125, Speed yana nan a 3. Abin da na yi ke nan ƙarfe ɗaya da rabin jiya na tashi mutanen gida.

Na tura wa Yaya da asuba, amsarsa kalma ɗaya ce, yawwa.

Ni dai a wajena mai sanyin ya fi daɗi, na san ba haka mai kiɗan ya nufa ba, amma bes ɗin yana samun wurin numfashi kuma rangajin gangar ya fi fitowa. Kuma ga masu Sega a cikinku kar ku yi min dariya, Sonic na farko na 1991 shi ma a injin PAL kiɗansa a hankali yake tafiya, ku je ku saurari na 60 ku ji yadda za ku tsargu.

Saura abu ɗaya da yake ɗan damuna. Ko yanzu nawa ya fi na ƙwaƙwalwata cika, kuma ina jin na san dalili, a gem ɗin duk tsallen da Mario ya yi ƙararsa tana aron layin fols ɗaya, ɗaukar kwabo tana aron ɗayan, mu kuma ba ma minti ɗaya ba mu yi tsalle ashirin ba, don haka kiɗan da muka haddace mai ramuka ne. Ina tunanin in yi fayil na uku in cusa ƙarar tsallen a wuraren da aka saba yinsa a filin farko, wajen naman kazan nan na farko da bututu huɗun. Wanda ya taɓa kwaikwayon ƙarar tsallen da Hxy ko Ixy, umarnin FamiTracker masu zamar da murya sama ko ƙasa, ya faɗa min lambobin da ya sa, nawa har yanzu kukan ƙofa yake yi.