Lahadi a bakin kogin Adda

Lahadi, bayan isha'i.

Ƙafafuna suna zogi, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Gobe ƙarfe shida zan koma sito, kuma na san da na soma ɗaukar kwalaye duk abin da na gani yau zai dushe.

Dattijon da ke zaune a ƙasan benenmu ne ya ja mu. Wata uku ke nan yana yi min maganar kogin Adda, nan arewacin Italiya, duk lokacin da muka haɗu a matakala. Tsohon ma'aikacin siminti ne, ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Baba nake ce masa, ya saba har yana amsawa. Jiya ya tare ni ya ce gobe babu ruwan sama, ko dai mu tafi, ko in daina ce masa "wata rana". Sai na kira abokin aikina ɗan Kumasi. Tambayarsa ta farko ita ce, "To Malam, wa za mu je gaisarwa a can?" Na ce babu kowa. "Kasuwa ke ci?" Na ce a'a. Ya yi jim, ya ce, "Wato wahala za mu je saya da kuɗin jirgi." Duk da haka da safe sai ga shi a tasha, da kilishi cikin leda.

Daga Ponte San Pietro muka hau jirgin ƙasa. Bayan Calusco jirgin ya rage gudu sosai, kamar mai tafiya a kan ƙwai, Baba ya zungure ni ya ce in leƙa taga. Na leƙa, cikina ya ɗuri ruwa. Muna tsakiyar gadar San Michele, kogi can ƙasa, kore shar, hazo na tashi daga kansa. Tsayin gadar daga ruwa mita 85 ne, tsawonta mita 266. An gama ta a 1889, shekarar da aka gama hasumiyar Eiffel ta Faris, kuma ƙusoshin ƙarfe ne suka riƙe ta, ba walda ba. Motoci a sama, jirgin ƙasa a ciki. Baba yana faɗin waɗannan alkaluma kamar mai karanta sunayen jikokinsa. Ɗan Kumasi bai leƙa ba, salati kawai yake yi har muka sauka a Paderno.

Daga tasha muka gangara zuwa bakin ruwa ta cikin itatuwa. Gangaren nan da hawansa a dawowa su ne kaɗai wahalar hanyar, sauran duk shimfiɗe take, tsakuwa da ƙasa, kogi a hannun dama, daji a hagu. Muka nufi arewa, wajen Imbersago. Ganye ya soma zuba, rawaya da ja, ya lulluɓe hanya, ga ƙanshin ƙasa mai laima irin na bayan ruwan farko. Sanyi na nan amma bai kai na cizo ba. Na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a kan dutse, sak irin na gida. Ga kuma fararen agwagin nan masu dogon wuya da suke ninƙaya kamar sarakai, ba su tsoron kowa, ɗaya ma ta biyo ƙanshin ledar kilishi sai da muka kauce.

Abin da ya fi ɗaure min kai mutanen ne. Tsofaffi da sanduna bibbiyu, mata da miji riƙe da hannu, masu tura keken jarirai, masu karnuka, masu kekuna da ke kaɗa ƙararrawa a bayanka. Kowa ya wuce sai ya ce buongiorno, wato barka da rana, alhali a cikin gari mutumin da kuke hawa bas ɗaya shekara guda ba zai dube ka ba. Kuma babu mai zuwa ko'ina. Ni na taso inda tafiyar ƙasa alamar rashin kuɗin mota ce. Ko gona za ka, ko kasuwa, ko ta'aziyya. Wanda aka gani yana zagaya bakin daji ba gatari ba ƙugiya, to a soma nema masa magani. Awa guda na farko sauri nake ta yi, ina barin su a baya, har Baba ya ƙwala min kira ya ce wa ke jirana a gaba? Na ji kunya, na rage. Ashe ko rage sauri sai an koya.

Mun wuce madatsar ruwa ta Robbiate, muka isa Imbersago rana ta ɗan ɗaga. A nan ne na ga abin da ya sa nake rubutun nan.

Jirgin fito ne, amma babu inji, babu filafili. Jirage biyu aka haɗa, aka shimfiɗa dandamali a kansu, har mota yana ɗauka. An ja igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, jirgin na rataye da ita. Mai fito zai ture shi daga gaɓa, ya karkata shi ya ba ruwa gefe, shi ke nan. Ruwan da ke son tafiya da shi kudu, da yake igiya ta hana, sai ya tura shi gefe har Villa d'Adda da ke ɗaya gaɓar. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ƙugin igiya kaɗan da ruwa na shafar katako. Jirgin Leonardo suke ce masa, saboda Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na zamanin da, ya zauna a Vaprio, can ƙasa a bakin wannan kogi, kuma ya zana jirgi irinsa. Baba ya ɗaga kafaɗa ya ce a Italiya duk abin da ya yi kyau sai a jingina wa Leonardo.

Ni hankalina ba ya wajen Leonardo. Ina tsaye a bakin dandamalin, Yawuri nake gani. Kakana ɗan fito ne a kogin Kwara, hannuwansa kamar bawon itace saboda gora da filafili. Ya kan ce ruwa ba a faɗa da shi, lallaɓa shi ake yi, kuma shi ma ba ya miƙe jirgi ɗoɗar, karkata shi yake ya bar ruwa ya yi rabin aikin. Da ya ga wannan igiya da ya yi dariya ya ce ragwaye sun samu dabara. Sai kuma na tuna jirgin da ya kife wajen Wara a 2021, cike da 'yan kasuwa, da yadda aka kwana ana tsamo mutane. Kwara ba Adda ba ce, faɗinta ya wuce a ja mata igiya. Amma akwai ƙananan koguna da yawa a wajenmu da damina ke raba ƙauye da kasuwa, na tsaya ina ta lissafin igiya da turaku biyu har muka taɓa gaɓa. Ɗan Kumasi ya ce, "Malam, ka yi nisa." Na ce ina nan.

Muka haye, muka dawo. Azahar ta yi mana a hanyar komawa. Na yi alwala da ruwan kogin, sanyinsa ya ratsa min har haƙora, daga tsaunuka yake fitowa ya bi ta tafkin Como kafin ya iso nan. Muka shimfiɗa rigunan sanyi a ƙarƙashin wata bishiya, Baba ya zauna kan benci yana gadin jakunkuna. Wani kare ya zo zai shinshina mu, na ji Baba yana yi wa mai shi magana a hankali, aka janye shi. Bayan nan muka ci abinci: burodi da cuku daga jakar Baba, kilishi daga ledar ɗan Kumasi. Yaji ya kama dattijo, hawaye sharɓe-sharɓe, yana tari yana miƙo hannu a ƙara masa.

Da la'asar muka wuce ta ƙarƙashin gadar, muka ɗan yi kudu. Nan kogin ya canza hali, ya matse tsakanin duwatsu yana kumfa yana ruri. Saboda wannan wuri ne aka haƙa mashigin ruwa na Paderno a gefe, aka buɗe shi a 1777, don jiragen kaya su kauce wa duwatsun su kai Milan. Yanzu ciyawa da gansakuka sun cinye ƙofofinsa. Baba ya so mu ƙarasa tashar lantarki ta Bertini, wadda tun 1898 take ba taragon Milan wuta, amma takalmin ɗan Kumasi ya riga ya yi masa bororo a diddige. Takalmin zuwa Juma'a ya sako, na gaya masa tun a tasha bai ji ba. Muka juya. A hawan komawa tasha, dattijo mai shekara saba'in da wani abu ne a gaba, mu samari muna haki a baya.

Ɗazu na kira Inna. Ta ce ina na shiga tun safe wayata ba ta shiga? Na ce yawo na je bakin kogi. "Yawon me?" Na ce yawo kawai, Inna. Ta yi shiru, na san tana auna ko lafiyata ƙalau. Sai na ba ta labarin jirgin da ruwa ke turawa. Ta sa na maimaita yadda igiyar take har sau biyu, ta tambaya ko ruwan na da kifi, sannan ta ce in turo hoton ta wayar ƙanena, gobe za ta aika a nuna wa Kawu a bakin fito.