Minti 90 da burushi a gaban jama'a

Minti 90 aka ba ni in zana hoto. Ni kuwa hoto mai girman wanda aka nema yakan ci mini mako biyu a ɗakina, ina yi ina gogewa. Taron neman taimako ne don wani gidan marayu, kuma sharaɗin shi ne in zana a idon baƙi, ina ajiye burushi a yi gwanjon hoton.

Fentin mai ko lissafinsa ban yi ba, don yakan kwana da kwanaki bai bushe ba. Akrilik na ɗauka, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, wanda in an shafa shi sama-sama yake bushewa cikin minti 10 zuwa 20. Tun ana gobe taron na shafe ƙyallen zanen kaf da launin ruwan ƙasa, saboda duk inda hannuna bai kai ba kada fari ya tona mini asiri. Launi 5 kawai na zuba. Sau uku na gwada zanen a gida, agogo na gabana.

Fitilun zauren ne ban yi tunaninsu ba. Zafinsu ya sa fentin ya fara yin fata a kan faranti tun ban gama fitar da siffar yarinyar da nake zanawa ba, ga shi na manta da kwalbar feshin ruwa. Sai tsoma yatsu a kofi ina yayyafawa. Haskensu kuma rawaya ne, yana kashe shuɗi, ni kuma ina ta ƙarawa, na mance cewa akrilik ƙara duhu yake yi in ya bushe.

Can wata dattijuwa ta matso ta ce, "Ɗana, ita yarinyar ba ta da idanu ne?" Na ce, "Suna tafe, Mama." Nan na faɗa tarko. Kunya ta sa na ɗauki ƙaramin burushi na duƙufa kan idanu, minti 25 cur, ko ja da baya ban yi ba in dubi hoton gaba ɗaya. Da mai gabatarwa ya raɗa mini cewa saura minti 15, babu hannuwa, babu bango. Da faffaɗan burushi na rufe su, gumi na shiga mini ido.

An sayi hoton, har mutum uku suka yi ta ja-in-ja a kansa. Da na fito da shi wajen farin haske na ga rigar ta yi shuɗi fiye da kima, na roƙi mai sayen ya bar mini shi kwana biyu in gyara. Ya ce a'a, wanda aka zana a gabansa shi ya saya.

Yanzu in an gayyace ni, sai na je na ga fitilun wurin tukuna. Ƙaramin burushin kuwa a jaka nake barinsa, ba ya fitowa sai saura minti 15.