Kuronogiraf ɗin nan dai ya fara ba da kai, saura birki

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran agogo. Ga inda aka kwana kan agogon nan mai injin Seagull ST19 da na tsinta na hannu a wajen Idumota a Legas. Kuronogiraf ne, wato agogo mai ƙarin dogon hannun sakan da ake kunnawa a tsayar da boti don auna lokaci. Matsalarsa biyu ce tun farko. In ka danna botin na sama dogon hannun sakan ya tashi, bai kai rabin zagaye ba sai agogon gaba ɗaya ya tsaya cak, har balans ɗin, wato wilin da ke lilo yana ba agogo bugu. In kuma ka tsayar ka danna na ƙasa, hannun ba ya komawa kan 12, yau ya tsaya a sakan 2 gobe a 58, duk inda ya ga dama.

Ga wanda bai san injin ba, asalinsa Venus 175 ne na Suwizalan, 'yan China suka sayi injinan ƙera shi a farkon shekarun 1960 suka kai Tianjin suna yi wa matuƙan jirgin sojansu agogo, shi ya sa kuke ganin ana kiran irinsa 1963. Da hannu ake murɗa shi, bugu 21,600 a awa, wato shida a sakan, ƙaramin sakan a wajen ƙarfe 9, mai ƙirga minti 30 a wajen ƙarfe 3. Ni a ganina babu injin da ya fi shi daɗin koyo, kana buɗe baya komai na shimfiɗe a gabanka, ba kamar injin Valjoux 7750 ba da sai ka cire rota (ƙarfen da ke juyawa yana murɗa agogo da kansa) da faranti kafin ka ga abin da ke gudana.

Ban taɓa sukudireba ba sai da na zauna da madubin ido ina danna botin ina kallo. Wilin nan mai ginshiƙai, wanda ke sarrafa kunnawa da tsayarwa, yana juyawa haƙori ɗaya duk dannawa, ƙal ƙal, ba gardama. Liban kuloci, mai haɗa injin agogo da wilin tsakiya da ke ɗauke da dogon hannu, na faɗawa tsakanin ginshiƙai, birkin da ke riƙe wilin na ɗagawa, to nan lafiya. Sai na ɗora shi kan manhajar auna bugu ta waya, da daddare bayan janareton maƙwabta ya yi shiru don in ba haka ba makirfon ɗin hayaniyar Agege kawai yake ji. Kuronogiraf a kashe lilon balans na wajen digiri 270, ina kunnawa ya zube ƙasa da 200 yana ci gaba da sauka har ya mutu. Lafiyayyen inji yakan ɗan sauka kaɗan in an kunna, amma ba irin wannan faɗuwar ba, wannan wani abu ne ke shaƙe shi.

Da na ƙura ido sai ga shaida a kan sukurorin nan da ba sukurori ba ne. Don Allah sababbin shiga ku ji wannan da kyau. A jikin farantin akwai wasu kawuna masu tsaga kamar na sukuru, amma ba sa ɗaure komai, cibiyarsu a karkace take, in ka juya su suna matsar da liba ne gaba ko baya don saita yadda haƙora ke shiga juna. Wanda ya riga ni buɗe agogon, ko waye shi Allah ya yafe masa, ya ga kamar sun kwance ya bi su ya "ɗaure", har bakin tsagar ya ci. Sakamakon haka wilin kuloci ya nutse cikin haƙoran wilin tsakiya har gindi. Haƙoran wilin tsakiyar nan ƙanana ne sosai masu tsini, abin da ake koyarwa shi ne shigar ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin haƙorin, tsakanin wilin tuƙi (mai juya na kuloci) da na kuloci kuma wajen biyu cikin uku. In ya yi zurfi ya shaƙe agogo, in ya yi sama-sama hannun ya riƙa rawa yana tsalle, ko ya zabura gaba lokacin da ka danna. Kamar cakin taya ne, kaɗan ya wuce ka ji a jikinka.

Na ɗauki hoto kafin in taɓa, na juya shi ɗan mitsitsi, abin da ido da ƙyar zai gani, na danna na duba, na sake. Aikin haƙuri ne wallahi, bayana har ya ƙage. Da shigar ta daidaita agogon ya daina mutuwa, amma lilon bai dawo yadda nake so ba, don haka na sauke ƙarfin babban sifirin na kwance ɓangaren kuronogiraf ɗin. A ƙarƙashin wilin tsakiya akwai wani siririn sifirin da ke ɗan riƙe shi don kada hannu ya yi rawa, nan na tarar da mai ya daskare ya zama ɗanƙo ga ɗigon tsatsa a jikin doguwar sandar wilin. Danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe, musamman agogon da robar botinsa ta mutu, ta nan iska mai gishiri ke shiga. Na wanke, na goge ramin da tsinken itace, na mayar. Haƙoran wilolin kuronogiraf ba a sa masu mai ko kaɗan, giris kaɗan a inda libobi ke gogar ginshiƙai da fuskar guduma mai mayar da hannu sifili, shi ke nan. Sifirin kuma in za ku cire ku rufa leda fara a kai, in ya yi tsalle a ɗaki irin nawa sai dai a yi masa addu'a.

Wilin tuƙin da ke kan sandar wili na huɗu ban cire shi ba, ba ni da abin zare shi a miƙe, kuma in sandar ta lanƙwashe an shiga wani sabon babi.

Matsala ta biyu ita ta fi ba ni dariya. Na zata gudumar ce ko kam ɗin nan mai siffar zuciya ya cinye, don shi guduma ke bugawa ya juyo da wilin zuwa sifili. Da na cire hannun na yi ta kunnawa ina mayarwa ina kallon wilin ta baya, kowane karo guduma na kwanciya daram a kan kafaɗun zuciyar, wilin na komawa wuri ɗaya. Ashe injin ba shi da laifi, bututun hannun ne ya saki. Bugun mayarwar nan yana da ƙarfi, wili ya tsaya nan take shi kuma dogon hannu ya zame ya wuce. Wani dattijo mai gyara a unguwarmu ya ara mini abin matse bututu, ya ce "yaro a hankali, in ka rufe ramin ba ruwana". Na matse kaɗan, sannan wajen mayar da hannun na riƙe botin ƙasa a danne don guduma ta zauna kan zuciya, na tokare wilin ta baya don kada ɗan dutsen da sandar wilin ke juyawa a ciki ya fita, na danna shi kan 12. Tun daga nan duk gwajin da na yi yana dawowa daidai.

Mai ƙirga minti yana tsallakawa daidai lokacin da dogon hannu ke wuce 12, ban taɓa saitinsa ba kuma ba zan taɓa ba.

Abin da ya rage birki ne. In na tsayar da kuronogiraf na ɗan buga gefen agogon a tafin hannu, dogon hannun na gusawa kamar rabin sakan, alamar birkin ba ya kama bakin wilin sosai. Ina zargin sifirinsa ya yi laushi ko an taɓa lanƙwasa shi. Kafin in taɓa shi ina son jin ta bakin wanda ya taɓa yin wannan a ST19 ko Venus 175, gyara lanƙwasar kuka yi ko sabo kuka nema, kuma a ina kuka samu a Legas? Agogon na cikin roba mai murfi da ƙullin silika har in ji daga gare ku.