Shirun da na yi a ɗakin magani

Ranar Juma'a na miƙa makullin ɗakin magani bayan shekara 6 a wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Har na hau mota zuwa gida, wani dattijo manomi ne ke dawo min a rai.

Baba yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Wata rana ya dawo daga birni da sabuwar takarda, an ƙara masa fenofibrate don rage kitsen jini. Na san biyun ba sa jituwa. Fenofibrate na ƙara wa warfarin ƙarfi, har akan rage warfarin da kusan kashi ɗaya cikin uku idan za a haɗa su, a kuma yawaita gwajin INR, wato awon tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Na kai wa oga takardar. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai ne likitan? Ba shi abin da aka rubuta." Na ba shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ko jan kunne ban yi wa Baba ba.

Bayan mako biyu 'ya'yansa suka kawo shi, dasashi na zubar jini, bayan gida baƙi ƙirin. Mu ba ma gwajin INR, sai da aka kai shi Kano. INR ɗinsa da ya kamata ya tsaya tsakanin 2 da 3 ya haura 7. Allah ya sa da sauran kwana, bitamin K da ƙarin jini suka ceto shi.

A wajen taro oga ya ce "yaron ɗakin magani" ne bai duba ba. Rabin laifin nawa ne, na ɗauka. Ɗaya rabin har yau mai shi bai zo ya karɓa ba.

Ga wanda zai gaje ni: cikin magungunan rage kitsen jini, simvastatin da rosuvastatin ma kan ɗaga INR, atorvastatin da pravastatin sun fi sauƙi. Cholestyramine kuwa hana hanji tsotse warfarin yake yi. Ka tambayi tsoho ko yana sayen diclofenac, maganin ciwon jiki, a kemis, ko ya ƙara cin kwaɗon zogale. Idan an ce ka yi shiru, ka kira likitan da kanka, ka rubuta a littafi da kwanan wata.

Baba ya zo sallama da ƙwan zabi a leda. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji shi. Bai san ni na miƙa masa maganin da sanina ba, ni kuma na kasa faɗa masa.