Kububuwa ta sari Babanmu, 'yan ikkilisiya suka tsaya mana

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti mutane ke ta tambayata ya mai jiki, wasu a waya wasu in mun haɗu a kasuwa ko bakin coci, ni kuma kullum amsar ɗaya ce, da sauƙi mun gode Allah. Toh amma na ga in na tsaya a nan kawai na danne haƙƙin mutane da yawa, domin sauƙin nan Allah ne ya kawo shi amma ta hannun mutane ya biyo da shi, mutanen da wasunsu ko sunansu ban sani ba kafin wannan abu ya same mu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Ni ina Gombe da aure, su Baba da Mama suna ƙauyenmu can gaba da Billiri. Lokacin kaka ne, an tuge gyaɗa an tara ta tana shan iska, Baba ya je da safe zai juya tarin, ƙafarsa sanye da silifas kamar yadda ya saba, yana matsawa kusa sai ya ji abu ya cake shi a saman ƙafa. Kububuwa ce. Wanda bai san ta ba zai raina ta, ƙarama ce, da ƙyar ta kai tsawon hannu, launinta kuma irin na ƙasa da busasshen ganye, sai ka taka ta ba ka gan ta ba. Amma dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai iya zama yana hira kamar lafiyarsa ƙalau alhali jini na tsiyaya a cikin jikinsa, can sai a ga dasashi na jini, fitsari ya koma ja, tsohon ciwon da ya fara warkewa ya buɗe. Mu 'yan Gombe ta kudu babu gidan da ba shi da labarinta, musamman lokacin shuka da lokacin girbi.

Kafin a ce me, waɗanda suke gonakin kusa sun ɗaure masa ƙafa da robar tayar keke tamau, wani ya sa reza ya tsattsaga wurin wai dafin ya fita, an aika a nemo baƙin dutsen nan da ake mannawa. Don ƙauna suka yi, ban riƙe kowa a zuciya ba, amma dole in faɗa da babbar murya saboda masu karantawa: kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa. Mutumin da jininsa ya daina daskarewa ka sa masa reza, ai ka buɗe ƙofar da ba ka iya rufewa. Tsagar nan ce ta fi ba mu wahala daga baya fiye da sarar kanta.

Wani dattijon ikkilisiya ne ya ruga ya kira Baba Fasto. Da ya iso an taru a tsakar gidanmu, Mama na kuka, sai wani ɗan'uwa mai zafin bangaskiya ya ce a bar shi a gida a yi ta addu'a, ai manzo Bulus ma maciji ya sare shi a tsibirin Malita ya karkaɗe shi cikin wuta bai ji komai ba, kuma Zabura 91 ta ce za mu tattake maciji. Ƙanena da ke wurin ya ba ni labarin amsar da Baba Fasto ya bayar, har yau tana raina. Ya ce masa, ɗana, Zabura 91 ɗin nan ita ce Shaiɗan ya karanto wa Yesu a kan hasumiyar haikali ya ce ya dira ƙasa, Yesu ya ce ba a gwada Ubangiji Allah. Ya ce Bulus ɗin da ka ambata da Luka yake yawo, Luka kuwa likita ne. Daga nan ya ɗora hannu a kan Baba ya yi addu'a gajeriya, ya ce sauran a cikin mota za mu ƙarasa ta, ku ɗauko shi. Motar ma ta wani maƙwabcinmu Musulmi ce mai a-kori-kura, ya sauke buhunan da ya ɗora ya ce a sa shi, har yau bai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah ya saka masa.

Ni abin yana ba ni mamaki yadda wasu yanzu suke ganin zuwa asibiti kamar rashin bangaskiya ne. Mu 'yan cocin ECWA tarihinmu ma bai yarda da haka ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka shigo ƙasar Tangale a 1917 da wa'azi da magani da karatu suka zo gaba ɗaya, kakanninmu a ɗakin shan magani na mishan da yawansu suka fara jin bishara, kuma da ikkilisiyar ta tsaya da ƙafarta a 1954 ba ta yar da aikin jinya ba. Toh yaushe aka raba mana su?

Kaltungo aka nufa da shi, asibitin masu saran maciji, wanda mutane ke zuwa har daga Taraba da Adamawa da Bauchi. Ni kuma na goya jaririyata mai shan nono a bayana na shiga mota daga Gombe, Kumo, Billiri, duk hanyar nan ban san yadda muka wuce ta ba. Da na isa na tarar an ɗebi jininsa an zuba a wata 'yar kwalba an ajiye, nas ta ce minti 20 za a jira, in ya daskare toh da sauƙi, in bai daskare ba dafi ya shiga jini. Ina tsaye ina kallon kwalbar nan, lokaci ya cika ta karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwan zobo. Ta dube ni ta ce yaya kar ki tsorata, mun saba gani, za a sa masa allura yanzu.

Allurar kashe dafin da ake kira EchiTAb an yi ta ne musamman don macizan ƙasarmu, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, a ƙasashen waje aka sarrafa ta, wata a Birtaniya wata a Kosta Rika. Ta jijiya ake sa ta, bayan awa 6 a sake gwajin kwalbar, in jinin bai daskare ba a ƙara. Na Baba sai da aka ƙara. A nan na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, na ce ai kam, ciwon manomi ne da makiyayi, wa zai damu.

Daren farko ɗin nan ba zan manta shi ba. Bandejin ƙafar yana jiƙewa ana canzawa, ƙafar ta kumbura har gwiwa tana sheƙi, Baba yana tofar da yawu ja a cikin wani gwangwani, idanunsa sun yi fari fat. Ni da nake koyar da yara a makarantar Lahadi, ni da nake jagorar addu'a a gidana, na buɗe baki in yi addu'a babu abin da ya fito sai Yesu, Yesu. Zuciyata ta bushe, tsoro ya cika ta. Can wajen ƙarfe biyu na dare wayata ta yi ƙara, matar fastonmu ce ta Gombe, ta ce 'yata ba sai kin ce komai ba, mun raba daren nan awa-awa a Zumuntar Mata, yanzu ni ce a kan gwiwa, ke ki lura da Baba kawai. Sai na tuna shanyayyen nan na Markus 2 da mutum huɗu suka ɗauko suka fasa rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu, Littafi ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, ta masu ɗaukar. A daren nan tawa ta gaza, ta wasu ce ta ɗauke mu ni da Baba gaba ɗaya.

Washegari likita ya ce jinin ya fara daskarewa amma wanda ya zuba ya yi yawa, sai an ƙara masa. Ni ba a karɓi nawa ba saboda ina shayarwa, ƙanena ya ba da leda ɗaya bai isa ba. Sakataren matasa ya rubuta a guruf ɗinsu na WhatsApp, layi biyu kawai, kafin azahar sai ga samari a kan mashina, wasu daga ƙauye wasu tun daga Gombe, 'yan kwaya, mai kaɗa ganga, har da wani yaro da na sani ya daɗe bai leƙa coci ba. Ba kowa aka ɗiba ba, sai wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, an gwada jininsa babu ciwon hanta ko HIV, kuma rukuninsa ya dace. Wata yarinya 'yar kwaya aka ce nata jinin ma bai ishe ta ba, ta koma gefe tana hawaye wai ta zo a banza, Mama ta jawo ta ta rungume ta. Akwai mai cewa a waje wai ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi, wani dattijo ya ce masa ni na bayar tun ina saurayi ga 'ya'yana nan ka ƙirga, aka yi dariya, mutumin ya miƙa hannu shi ma. Jiki yana mayar da abin da aka ɗiba, namiji mai lafiya zai iya sake bayarwa bayan wata 3.

Sai maganar abinci. Duk wanda ya taɓa jinya ya san mai jinya shi ma majinyaci ne, ga kwana a kan tabarma ga rashin wanka a kan lokaci ga yunwa. Matan zumunta suka tsara kansu gida-gida, wannan ta kawo kunun gyaɗa a fulas da safe, waccan tuwon masara miyar kuka da rana, wata ta dafo zogale da hanta wai don jini. Wata ta karɓi jaririyata ta goya in samu in runtsa. Amma wadda ta fi taɓa ni wata tsohuwa ce gwauruwa da ba ta da abin kawowa, takan zo ta zauna kusa da Mama a kan tabarma ta kama hannunta, ba wa'azi ba dogon zance, in Mama ta ƙi cin abinci ita ma ta ƙi, dole Mama ta ci. Abokan Ayuba ma kwana 7 ɗin da suka zauna shiru tare da shi su ne mafi amfani, da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Kuma mun ga masu buɗe bakin. Akwai waɗanda suka zo dubiya suka ja ni gefe suna raɗa wai wannan macijin ba haka kawai ba ne, turo shi aka yi, ki bincika wa Baba yake rikicin gona da shi. Gaskiya wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa ka zo kana shuka gaba tsakaninsa da 'yan'uwansa? Ɗakin da Baba yake cike yake da manoma da yaran Fulani masu kiwo, duk turo musu aka yi? Tarin gyaɗa na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji, ga sanyin inuwa a ƙarƙashi. In kun je dubiya ku bar irin wannan magana a gida don Allah.

Kuɗi kam an kashe, wankin ciwon ƙafar kaɗai ya ɗauki makonni saboda tsagar ta yi ruwa. Ranar Lahadi aka yi baiko na musamman a ƙauye da kuma cocinmu na Gombe, ma'aji ya kawo a ambulan da takarda an rubuta komai dalla-dalla, 'yan garinmu da ke Abuja da Legas suka yi ta turowa. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun wake ko kaza.

Abin da ya fi damun Baba a gadon asibiti ba ƙafarsa ba ce, gonarsa ce. Yana farfaɗowa tambayar farko ita ce wa ya kwashe gyaɗar, kada gara ta cinye. Bai san Zumuntar Maza da matasa sun riga sun yi gayya ba. Ranar Asabar suka fita, aka kwashe gyaɗar, aka roro wake, da dawa ta nuna aka sake komawa aka girbe aka kai rumbu, mata suka bi su da kunun zaƙi. Wannan karon kowa da sanda a hannu, sai an ɗaga tari da sanda kafin a sa hannu, masu dogon takalmin roba suna gaba. Da ƙanena ya nuna masa hoton rumbun a waya Baba ya juyar da fuska bango, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, can ya ce mini, 'yata, ni da me zan biya mutanen nan? Baba Fasto yana zaune a gefe ya ce Baba ai kai ka fara, shekara nawa kana haƙa kabari kana gyara rufin gwauraye ba ka tambayi kowa sisi ba.

Yanzu yana gida, yana takawa da sanda, ƙafar takan ɗan kumbura da yamma, ana ci gaba da duba ta. Dattawa sun zauna sun yanke cewa kafin damina za a haɗa kuɗi a sayo dogayen takalma da tocila a sari don manoman ikkilisiya su samu da rahusa, kuma an sanar daga kan bagade cewa duk wanda maciji ya sara a wuce da shi asibiti kai tsaye, addu'a a hanya. A cocinmu na Gombe kuma matasa sun buɗe littafi, kowa ya je ya gwada jini a rubuta rukuninsa da lambarsa a ajiye wurin sakatare, har an yi amfani da shi kwanan nan da wata 'yar'uwa ta zubar da jini wajen haihuwa, ita da ɗanta suna lafiya. Na sa sunana, rukunina O ne, na ce musu da zarar na yaye yarinyar nan su kira ni ko da tsakar dare ne.