Sikeli, Tef da Na'ura: Wane Awo Ne Ya Fi Faɗin Gaskiyar Kitsen Jiki?

Sikeli abu ɗaya yake faɗi, wato jimillar nauyin mutum, kuma a cikin wannan jimilla akwai ƙashi da tsoka da ruwa da kitse, har da abincin da bai gama narkewa ba. Mai sayen ragon layya ya san cewa girman dabba kaɗai ba ya isa, shi ya sa yake lalubar gadon baya da gindin wutsiya domin ya gane ko nama ne ko kuwa gashi da cikar tumbi. Amma idan aka zo kan jikinmu, da yawa daga cikinmu mukan tsaya ga lambar da sikeli ya nuna, mu yi murna ko mu damu, alhali abin da ke jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya ya fi alaƙa da yawan kitse da kuma wurin da ya taru. Har ma akwai lokacin da ƙaruwar nauyi alamar ciwo ce, kamar wanda ƙodarsa ko zuciyarsa ta gaza har ruwa ya taru masa a ƙafafu da ciki.

Domin gyara wannan naƙasu ne ake haɗa nauyi da tsawo a ma'aunin da likitoci ke kira BMI. Lissafinsa ba shi da wuya: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Mutumin da ke da kilo 80 da tsawon mita 1.70 zai sami kusan 27.7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙasa da 18.5 a matsayin rama, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyin da ya wuce kima, sannan 30 zuwa sama teɓa. Da wannan ma'auni ne hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da teɓa, kuma a irin wannan aiki na ƙidayar al'umma babu abin da ya kai shi sauƙi da araha.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauke shi a matsayin hukunci kan mutum ɗaya. Wanda ya fara fitar da lissafin, Adolphe Quetelet, masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi aikinsa a wajajen 1830, kuma abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin jama'ar Turai. Sai a 1972 ne masanin Amurka Ancel Keys ya ba shi sunan da ake kiransa da shi a yau, bayan ya gwada shi a kan dubban maza, kuma shi ma ya nuna cewa ya fi dacewa da nazarin jama'a. Ɗan kokawa ko ɗan dako mai murɗaɗɗen jiki zai iya haura 25 ba tare da kitsen kirki ba, yayin da dattijuwar da tsokarta ta zube za ta iya tsayawa a 22 alhali kitse ya yi mata yawa. A 2004 mujallar likitoci ta Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu, Chittaranjan Yajnik ɗan Indiya da John Yudkin ɗan Birtaniya, waɗanda BMI ɗinsu ya zo ɗaya, 22.3, amma da aka auna kitsensu da na'ura sai aka sami kashi 21.2 cikin ɗari a jikin Yajnik, shi kuwa Yudkin kashi 9.1 kacal. Irin wannan bambanci ne ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta rage iyakar ga mutanen da asalinsu Asiya ne ko baƙar fatar Afirka, inda ake fara lura da haɗari daga 23, a kuma ɗauki 27.5 a matsayin teɓa.

A ganina, awon da ya fi cancanta mu ba shi muhimmanci shi ne awon ƙugu, kuma dalilin yana cikin yadda jiki ke ajiye kitse. Kitsen da ke ƙarƙashin fata a cinyoyi da ɗuwawu ba shi da illa sosai idan aka kwatanta shi da wanda ke taruwa a cikin ciki, yana lulluɓe hanji da hanta. Wannan na cikin yana sakin maiƙo da sinadaran kumburi cikin jijiyar da ke kai jini kai tsaye zuwa hanta, abin da ke sa jiki ya daina amsa kiran sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata, daga nan kuma suga ya fara hauhawa a jini. Tef irin na tela ya isa a gano wannan. Mutum zai tsaya a miƙe, ya lalubo haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, ya zagaya tef a tsakiyarsu a kan fata, ya saki numfashi kamar yadda ya saba ba tare da ya tsuke ciki ba, sannan ya karanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana ƙaruwa idan ƙugun namiji ya wuce santimita 94, na mace kuma 80, sannan ya tsananta idan ya wuce 102 ga namiji da 88 ga mace. Ya kamata a sani cewa an samo waɗannan lambobi ne daga binciken da aka yi a kan Turawa, kuma ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ba da shawara a 2005 cewa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara su yi amfani da na Turai har zuwa lokacin da za a sami nasu.

Shi ya sa na fi natsuwa da haɗa ƙugu da tsawo, domin santimita 94 a jikin gajeren mutum ba daidai take da 94 a jikin dogo ba. Ƙa'idar, wadda hukumar Ingila ta amince da ita a 2022, ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Mai tsawon santimita 170 ya kamata ƙugunsa ya kasance ƙasa da 85, kuma idan aka raba ƙugu da tsawo aka sami 0.6 ko fiye, haɗarin ya yi yawa. Ko wanda bai iya karatu ba zai iya wannan awo da zare: a auna tsawonsa daga kai zuwa diddige, a ninke zaren biyu, a ga ko zai zagaye ƙugun. Wannan batu yana damuna ƙwarai, saboda har yanzu a wurinmu ana kallon tumbin magidanci a matsayin shaidar wadata, ana kuma matsa wa 'yan mata da amare su yi ƙiba har wasu su koma ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi magungunan kumburi ne masu ƙarfi da ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, su kuma ɗaga suga da hawan jini, don haka sikeli zai nuna ƙari a daidai lokacin da lafiya ke raguwa.

Sauran hanyoyin na buƙatar kayan aiki. Akwai matsin da ake kama naɗin fata da shi a wurare kamar bayan dantse da ƙasan allon kafaɗa da gefen ciki, wanda yake da amfani a hannun ƙwararre, amma ba ya kai wa ga kitsen da ke cikin ciki. Akwai kuma sikelin zamani da ke tura ɗan ƙaramin lantarki cikin jiki, ya ƙiyasta kitse bisa hujjar cewa tsoka mai ruwa ta fi kitse barin wuta ta wuce. Ana sayar da shi sosai yanzu, kuma lambobinsa na burge mutane, sai dai ya dogara ne kacokan ga yawan ruwan jiki, saboda haka mai azumi da aka auna da la'asar a lokacin bazara zai ga sakamako dabam da wanda zai gani bayan buɗa baki. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya bai kamata ya hau shi ba. Na'urar DEXA, wadda ke amfani da hasken hoton ƙashi mai ƙarfi iri biyu, tana raba ƙashi da tsoka da kitse sashe-sashe, hoton MRI kuma, wanda ake ɗaukar cikin jiki da shi ta hanyar maganaɗisu, yana nuna kitsen cikin ciki ƙarara, amma tsadarsu da ƙarancinsu sun sa an fi amfani da su a bincike da manyan asibitoci.

Amfanin tef bai tsaya ga masu ƙiba ba. A arewacin Najeriya da Nijar, inda tamowa ke addabar yara, ma'aikatan lafiya suna zagaya tef mai launi uku a tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. A yankin Mirriya da ke jihar Damagaram an koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, aka kuma tarar suna gano yaran da ke cikin haɗari kamar yadda ma'aikatan sa-kai ke yi. Ana haɗa shi da danna bayan ƙafafun yaro da yatsa, domin kumburin tamowa yana ƙara nauyi ya ɓoye ramar.

Manyan likitoci ma sun karkata zuwa ga haɗa awo fiye da ɗaya. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi kan dogaro da BMI shi kaɗai, sannan a watan Janairun 2025 wani kwamitin masana na duniya da mujallar Lancet ta ɓangaren ciwon suga ta haɗa ya ba da shawarar a riƙa tabbatar da teɓa da awon ƙugu ko awon kitse kai tsaye, a kuma duba ko ta fara taɓa aikin gaɓoɓi. Ga mai son bin lafiyarsa a gida, ina ba da shawarar ya riƙa hawa sikeli ɗaya da safe kafin karin kumallo, ya auna ƙugunsa sau ɗaya a wata, ya rubuta duka biyun. Idan ƙugun ya kai rabin tsawonsa, ya je a gwada masa suga da hawan jini ko da BMI ɗinsa yana cikin iyaka. Mai juna biyu ba ta cikin wannan lissafi, domin awonta na asibitin awon ciki ne.